Ido Mai Laushi

Ran Juma'ar da ta wuce jikata Zainabu ta shigo mini da waya a hannu, wai in ga hoton kakan babanta da ake ta turawa, an rubuta a ƙasa cewa waliyyi ne da aka taɓa yi a Unguwar Kanawa, ga haske nan yana tashi daga rawaninsa. Na karɓi wayar na daɗe ina kallo. Ina tsaye a ɗakin aka ɗauki hoton nan, kuma a kansa aurena da babanku ya mutu. Kun ji labarin daga bakin kowa ban da nawa. An ce muku na zagi mamaci, an ce aljanu ne suka shafe ni, wata gwaggonku ma ta ce dama can ni ba mai zaman aure ba ce. To ga shi na iya riƙe alƙalami, ko da yake sai da na haife ku duka sannan na san baƙi da fari. Ku zauna ku ji daga wadda ta gani da idonta.

Babanku mai hoto ne tun kafin ya aure ni. Zauren gidan mahaifinsa aka raba biyu, rabi ya zama shago, aka yanki wani lungu aka yi ɗakin duhu na wanke hoto. Lokacin hoton kala ya fara cin kasuwa, kowane yaro ya rataya 'yar kyamara a wuya yana bin gidajen biki, shi kuwa ya riƙe kyamararsa ta akwatin katako mai ƙafa uku, mai fata a tsakiya kamar zugazugin maƙeri. Sai ka lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle a bayanta sannan ka ga mutum a jikin gilashi, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Fim ɗinta falle-falle ne, kowane falle ya fi tafin hannuna, kuma falle ɗaya hoto ɗaya, babu a sake. Ni na shiga sana'ar ne saboda matan kulle. Mazajensu suna son hoto, amma ba sa son ƙato ya ƙura wa matansu ido, don haka babanku ya koya mini, in matan sun zo ya fita waje ya bar mini shagon. Lambobin da ke jikin zoben kyamarar su ne bokon farko da na taɓa karantawa.

Ido biyu gare ta, wato gilashin gabanta, ana kwance ɗaya a ɗaura ɗaya. Akwai mai kaifi, wanda ba ya yi wa kowa kara: ƙurji, tabo, gashin hanci, duk sai ya tona. Da shi ake fasfo da hoton taro. Sai mai laushi, wanda babanku ke naɗewa a tsumman karan-miski kamar jinjiri. A wajen wani tsohon mai hoto ya saye shi, wanda ke rufe shago zai koma garinsu. Ya ba ni labarin yadda ya zaɓe shi har na haddace. Tsohon ya baje masa idanu a kan tebur, shi kuma ya kunna kyandir, yana ɗaura su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Wani idon ya dama wutar kamar kunu, ba kai ba gindi, ya ajiye shi. Wani bai canza komai ba. Da ya zo kan wannan sai ya ga harshen wutar a tsaye da kaifinsa, amma wani lallausan haske ya kewaye shi kamar zoben da ke zagaye wata a damina.

"Laushi daban, dishi-dishi daban," haka yake ce mini. "Dishi-dishi aikin wanda bai iya saiti ba ne. Wannan kuwa ƙashin na nan a ciki, tsoka kawai yake ƙarawa."

Ya koya mini halinsa kamar yadda ake koya wa amarya halin uwar miji. In ka buɗe zoben duka, laushi ya yi yawa, fuska ta zama kamar an shafe ta da man shanu. In ka tsuke shi sosai, sai ya koma ɗan'uwan mai kaifi, ka yi asarar kuɗinka. Tsakani ake nema, kuma kowace fuska da nata tsakanin. Saiti a kan ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido ake yi, kuma sai ka gama da zoben sannan ka saita, don in ka taɓa shi daga baya saitin ya gudu. Amare masu ƙurajen fuska da hajiyoyin da ba sa son a ƙirga musu shekaru, su ne 'yan kasuwarsa. Abu ɗaya ya fi ja mini kunne a kai, shi ne farin tufa a gaban baƙin labule. Ya ce idon nan ba ya iya riƙe fari, sai ya tsiyaye ya malala gefe. Na gani da kaina ba sau ɗaya ba. Wata amarya da ta yafa farin mayafi ta dawo mana da hotonta tana faɗa, wai mun sa mata hayaƙi a ka.

Kakanku, wanda duk muke kira Baba, masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba: yana salla a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya zaman gulma. Amma fuskarsa kullum kamar an ɗaure ta da igiya. Ku manyan kun tuna yadda kuke shigewa bayan randa in kun ji gyaran muryarsa. Sana'ar babanku kuwa bai taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai ya ce kama inuwa. Ta ƙofar shagon yake wucewa safe da yamma, bai taɓa leƙawa ba, har shekarar da ma'aikatan fansho suka ce kowa ya kawo sabon hoto. Ana cikin azumi ya shigo da farar riga da farin rawani, ya zauna a gaban baƙin labule kamar an kawo shi gaban alƙali.

"Ka yi sauri, ni ba amarya ba ne."

Babanku ya ɗauki na fanshon da mai kaifi. Sai ya miƙo hannu ta ƙarƙashin ƙyallen ya yi mini raɗa.

"Rabi, miƙo mini mai laushin."

"Namiji, tsoho, ga fari a kan baƙi? Kai fa ka hana ni."

"Miƙo dai."

Na miƙa masa. Ya buɗe zoben fiye da yadda na taɓa ganin ya buɗe wa kowace amarya. Baba ya ɗauka an gama, ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauka, a nan babanku ya danna. Da muka wanke, rawanin ya tsiyaye kamar yadda na faɗa, haske ya zagaye kan Baba, layukan goshinsa suka kwanta, har ka ce murmushi zai yi. Na ce hoto ya ɓaci. Babanku ya sa shi a firam ya ɓoye.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki Baba ya kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Babanku ya fito da hoton ya jingina a ɗakin Iya, kakarku, don ta riƙa gani. Ran sadakar bakwai wani dattijo daga garinsu Baba ya shiga yi wa Iya gaisuwa. Ina durƙushe ina zuba kunu, babanku na bakin ƙofa. Dattijon ya ƙura wa hoton ido, ya matsa, ya ja baya, ya cire tabarau ya goge.

"Hajiya, wannan hasken fa?"

"Haka ɗansa ya ɗauko shi," in ji Iya.

"Allahu akbar. Ashe da wa muke zaune ba mu sani ba. Bayin Allah na ɓoye ai haka suke, sai bayansu ake ganewa."

Na ɗaga kai na dubi babanku, ina jiran ya yi dariya ya ce a'a Baba, aikin gilashi ne. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Na ce a raina kunyar dattijo yake ji, gobe zai gyara maganar.

Goben ba ta zo ba. Kafin mako ya zagayo mata sun fara sallama suna cewa sun zo ganin hoton Malam. Mutumin da duk rayuwarsa Baba Masinja ake ce masa, ya zama Malam a kabari. Wani da ya taɓa zaginsa a kan rumfar kasuwa ya zo yana hawaye, wai ya taɓa ganinsa yana salla a wuri biyu lokaci guda. Wata ta ce ta yi mafarkinsa cikin koren lambu. Duk wannan na haɗiye, na ce baƙin cikin mutuwa ne, zai wuce. Sai ranar da na shiga ɗakin Iya na tarar tana goge gilashin firam ɗin da jiƙaƙƙen tsumma, tana matsewa a kofi, mata na karɓa suna kurɓa, wasu suna ɗurawa a kwalba. Ni nake goge gilashin nan da safe, na san babu abin da ke jikinsa sai ƙura da kashin ƙuda.

Cikin masu zuwa akwai wata yarinya daga Unguwar Shanu, matar wani direba, da jaririnta a baya. Jikin yaron kamar garwashi, idanu sun kafe. Na ce mata ta tashi mu tafi asibiti yanzu, zan raka ta. Ta ce uwar mijinta ta ce a fara gwada ruwan Malam. Ta wuni a tsakar gidanmu, washegari ta dawo ta sake wuni. Ran na uku ba ta zo ba, sai labari ya zo. Ban ce hoto ne ya kashe yaron ba, rai na Allah ne. Amma na san inda uwarsa ta zauna a lokacin da ya kamata tana gaban likita, kuma na san da wane ido aka ɗauki abin da ta zauna a gabansa.

Na sami babanku a shago yana goge kyamara.

"Maigida, yaron nan ya rasu."

"Na ji. Allah ya sa mai ceto ne."

"Ka fita ka gaya wa mutane gilashi ne. Kai ka koya mini, fari a kan baƙi."

"Na koya miki. Amma Rabi, ki tsaya ki yi tunani. Duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar namiji da idon nan ba. Wa ya sa a zuciyata in ce ki miƙo shi a ranar?"

Na dube shi, na ga ba wasa yake ba. Da Iya ce ta faɗi haka, ko dattijon can, da sauƙi, ba su taɓa shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle ba. Amma mutumin da ya kunna kyandir ya zaɓi idon nan da hannunsa, shi ne yake tambayata wa ya sa.

Akwai wani farin rago a gidan, Baba ya saye shi yana kiwo don layya kafin ajali ya riske shi, ni nake dama masa dusa. Ran wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, Iya ta kishingiɗa, na kwance ragon na ja shi zuwa shago. Na tsayar da shi a gaban baƙin labulen nan, inda Baba ya zauna. Na ɗaura mai laushi, na buɗe zoben daidai yadda na ga babanku ya buɗe, na danna. Na wanke da kaina. Ragon ya fito da haskensa zagaye da ƙaho, ya ma fi na Baba, don gashinsa ya fi rawanin fari. Ban yi don in wulaƙanta kowa ba. Na ga mutane ba sa jin magana, na ce to bari ido ya gaya musu.

Babanku ya dawo ya tarar da hoton rataye a igiya yana ɗiga. Ya ƙura masa ido. Da ya juyo, fuskar Baba na gani a jikin tasa.

"Ubana kika haɗa da dabba."

"Gilashi na haɗa da gilashi."

"In kika nuna wa wani mahaluƙi wannan takardar, a bakin aurenki."

Tunda muke bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya fita ya bar hoton a igiya. Zai iya yaga shi, bai yaga ba, kuma har yau ban san dalili ba. Na ɗauke shi na sa a ƙarƙashin adaka. Na yi kwanaki ina kallonku kuna cin tuwo, ina auna abin da ke gabana. Ba wai ban san nauyin kalmar da ya faɗa ba ne. Na sani sarai. Amma kullum sai na ji wata sabuwar sallama a ƙofa, da goyo a baya.

Ran sadakar arba'in gida ya cika maƙil, mata a ciki, maza a kan tabarmi a waje. Aka fito da hoton Baba tsakar gida aka ɗora a kan kujera. Na jira aka shafa fatiha. Na ɗauko nawa na jingina shi kusa da na Baba, na ce da ƙarfi yadda na waje ma za su ji, jama'a ku duba, wannan ni na ɗauka da kyamara ɗaya da ido ɗaya, duk farin abu haka yake fitowa, mai ciwo ya tafi asibiti. Mata suka matso. Hoton ya bi hannu-hannu har ya fita waje wurin maza. Ina tsaye ina jiran ko dai a yi dariya ko a rufe ni da duka, duka biyun na shirya musu. Sai na ji muryar wata tsohuwa daga baya.

"Wannan ba ragon Malam ba ne?"

"Shi ne, wanda yake kiwo."

"Ikon Allah. Har dabbar da ya shafa."

Kabbara ta tashi daga ciki, na waje suka amsa. Mata suka nufi turken ragon, kowa na son ta taɓa shi. Na ce ku tsaya, ku kawo kowane farin rago na unguwar nan in ɗauka muku, ku kawo farar akuya, ku kawo buhun gari. Babu wanda ya ji ni. Wata ma ta kama hannuna tana shafawa a fuskarta, wai hannun da ya ɗauko hasken. Na fizge. Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba, kamar na ɗebi ruwa na watsa wa gobara sai ya zama kananzir ne.

Babanku ya shigo, ya tsaya a gabana, bai dubi idona ba.

"Kin ji abin da na ce."

Na ce na ji. Kafin magariba na goya autarku Hadiza, na hau mota zuwa Rigachikun gidan yayana Mudi. Ku manyan aka ce a gidan ubanku za ku zauna. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba ranar da ban ji zafinsa ba. Ragon kuwa bai ga wuƙa ba a babbar sallar nan, bai gan ta a ta gaba ba. An tsige masa gashi har ya koma kamar tsohuwar tabarma, tsufa ne ya kashe shi. An sa hotonsa a firam kusa da na Baba. A Rigachikun ne wata maƙwabciya ta ja ni ajin yaƙi da jahilci, na shiga don kada tunani ya haukata ni.

Idda ta kusa cika, ana karyar masara, sai ga babanku a kan babur. Ya rame. Yaya Mudi ya shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro ya ba mu wuri. Ya ce ya zo ya mayar da ni, yara na kuka, shago ya mutu don matan kulle sun daina zuwa. Na ce zan koma yau ɗin nan ma, da sharaɗi guda: ya tsaya a ƙofar gida bayan sallar la'asar ya gaya wa mutane abin da ya sani.

"Na san gilashi ne," in ji shi. "Ni na buɗe zoben."

"To ka faɗa musu."

"Rabi, tun ina rarrafe nake kallon fuskar mutumin nan. Ban taɓa ganin ta sake mini ba sai a takardar nan. Yanzu kina so in tsaya a gaban jama'a in ce ƙarya ce."

"Ban ce ƙarya ba, na ce gilashi."

"A wurina duk ɗaya ne."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma san ba zan iya komawa in zauna a tsakar gidan nan ina kallon ana matse tsumma a bakin jarirai ba. Na tashi na ƙulle masa ɗanyar masara ya kai muku, na raka shi bakin hanya. Ya hau babur, ya sa ƙafa zai tayar, sai ya tsaya.

"Wai ya kika yi ragon ya tsaya cak? Ko kunnensa bai motsa ba."

"Kanwa na ba shi ya lasa, na jira ya ɗaga kai yana tanɗe baki."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi in almajirin sana'a ya burge shi.

"Ya fi nawa kyau," ya ce.

Ya tayar da babur ya kama hanyar Kaduna. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da muka yi ina matarsa.